Takwara ko Ɗan'uwa? Ta Ina Za a Fara Neman Fursunonin Ostireliya Masu Suna Ɗaya

Rubuta sunan John Kelly a fihirisar fursunonin Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin Ostireliya inda Birtaniya ta riƙa kai masu laifi a matsayin hukunci, ka danna. Jeri guda zai sauko maka, John Kelly bisa John Kelly, da yawansu 'yan Ailan, da yawa shekara bakwai aka yanke musu, da yawa kuma sata ce ta kai su. Ɗaya daga cikinsu mutumin gundumar Tipperary ta Ailan ne da ya saci aladu biyu, aka yi masa shari'a a 1841, jirgin ruwa mai suna Prince Regent ya sauke shi a Hobart, babban birnin tsibirin, farkon watan Janairun 1842. Da ya gama wa'adinsa ya haye yankin Victoria a 1848, ya auri Ellen Quinn, suka haifi Ned Kelly, ɗan fashin dajin nan da babu wanda bai san sunansa ba a Ostireliya. Sauran takwarorinsa kuwa kowa da inda ƙaddara ta jefa shi. Mai binciken da ya ɗauki auren wannan, ya haɗa da bulalar wancan, ya ɗora mutuwar na ukun, ya ƙera mutumin da bai taɓa taka ƙasa ba. Irin waɗannan ƙagaggun kakanni sun cika jerin nasabar da mutane ke lodawa a intanet, kuma abin yana damuna, domin waɗannan bayin Allah an raba su da gida da dangi tun suna raye, bai kamata kuma a zo a cakuɗa su da wasu bayan sun mutu ba.

Tsakanin 1788 da 1868 Birtaniya ta tasa ƙeyar mutum kusan 162,000 zuwa Ostireliya a matsayin hukunci, kusan 25,000 daga cikinsu mata. New South Wales, inda birnin Sidni yake, ta karɓi wajen 80,000 har zuwa 1840. Tsibirin Van Diemen's Land, wanda aka sauya wa suna zuwa Tasmaniya a 1856, ya karɓi sama da 70,000 har 1853. Yammacin Ostireliya ce ta ƙarshe, maza zalla, ba su kai 10,000 ba, daga 1850 har jirgin Hougoumont da ya rufe ƙofa a watan Janairun 1868.

A wurinmu idan Musa ya haifi Sani, Sani Musa ke nan, ɗan Sani kuma ya ɗauki sunan Sani, haka suna yake sauyawa daga uba zuwa ɗa. A Ingila da Ailan sunan dangi yana bin zuri'a ɗaruruwan shekaru bai canja ba, shi ya sa mutum zai iya zama ya ce zai tattaro duk fursunan da ya taɓa amsa sunan gidansu. Tarkon yana nan ne: sunan Smith asalinsa maƙeri ne, kowane ƙauye kuwa da maƙerinsa, don haka Smith biyu na iya zama ba su haɗa ko da kakan kaka ba. Ga shi sunayen yanka a wancan zamani ba su da yawa: John, William, James, Thomas, Mary, Ann. Hukumomin mulkin mallaka da kansu sun sha wannan wahala, sai suka samo mafita: kowane fursuna da jirgin da ya kawo shi ake kiransa. Jirgi ya zame masa kamar sunan uba, yana bin sa a takardar aure, da ta 'yanci, da cigiyar da ake bugawa a jarida idan ya gudu. Shi ma jirgin sai an haɗa da shekara, domin Surry kaɗai ya yi jigilar fursunoni sau goma sha ɗaya tsakanin 1814 da 1842.

To, ta ina za a shiga? Ƙofofi uku ne a gaban mai nema. Ko ya fara da rajistar tashi da aka rubuta a Landan, ko ya fara da takardun kotu da na gidan kaso, ko kuma ya fara daga can inda aka sauke mutanen. Kowace tana amsa tambaya ɗaya da kyau, tana kuma ɓatar da mutum idan ya yi mata tambayar da ba tata ba.

Rajistar tashi ita ce mafi sauƙin shiga. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta riƙa rubuta sunayen waɗanda aka loda wa kowane jirgi daga 1787 zuwa 1867, littattafan suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kew, a Landan, ƙarƙashin lamba HO 11. Babban ɗakin karatu na jihar Queensland ya zuba su a kwamfuta, sunaye sama da 123,000, ana bincikawa kyauta. Cikin minti biyu za ka ga duk masu sunan da kake nema, kowa da jirginsa, da inda aka yi masa shari'a, da ranar, da yawan shekarun da aka yanke masa: bakwai, goma sha huɗu, ko rai da rai. Idan niyyarka ƙidaya ce, wato ka san mutum nawa ne ka kuma ga ko sun taru a gunduma ɗaya ko sun warwatsu, babu abin da ya kama ƙafarta.

Sai dai nan ƙarfinta ya tsaya. Ba ta faɗin shekarun mutum, ko garin haihuwarsa, ko sana'arsa, ko kamanninsa. Ba ta ma tabbatar maka ya isa, domin rajistar tashi ce. A ayarin jirage na biyu na 1790 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin a teku suka mutu. Babban raminta kuma shi ne waɗanda aka yi wa shari'a a Ailan ba sa ciki, saboda Dablin, babban birnin Ailan, ita ce ke riƙe da nata lissafin. Mahaifin Ned Kelly ba a nan za ka same shi ba. Duk wanda ke bin suna irin Kelly ko Murphy ko Byrne ya tsaya a wannan rajista, ya bar babban rabon mutanensa a waje bai sani ba.

Ƙofa ta biyu, ta kotu, ita ce mai daɗin labari, shi ya sa take jan mutane tun kafin lokacinta ya yi. Bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913 suna intanet kyauta, kusan shari'a 197,000, wasu har da abin da shaidu suka faɗa da abin da wanda ake tuhuma ya kare kansa da shi. Za ka ji wace riga aka sata, nawa aka yi mata kuɗi, a wane lungu aka kama ɓarawon. Amma Old Bailey ta Landan da kewayenta ce kawai. Wanda aka yi wa shari'a a wata gunduma, ko dai a gaban manyan alƙalai masu zagaye, waɗanda takardunsu ke Kew, ko a zaman kotun gunduma na wata uku-uku, wanda takardunsa ke warwatse a ofisoshin gundumomi. Na Sikotilan suna Edinbara, kuma bayanan shaidu da ake ɗauka can kafin shari'a suna da kauri ƙwarai. Akwai rajistar masu laifi ta HO 26 da HO 27, akwai ta tsofaffin jiragen yaƙin da aka mayar gidajen kaso a bakin ruwa, HO 9, inda fursuna ke jiran tafiya wata da watanni, wani lokaci shekaru. Yawancin hotunan waɗannan ta shafukan binciken nasaba na Ancestry ko Findmypast ake samunsu cikin sauƙi, da kuɗi.

Matsalar wannan ƙofa ga mai raba takwarori ita ce tana nuna maka mutum a rana ɗaya ta rayuwarsa, sa'an nan ta sake shi. Ka sami wani William Jones an yanke masa kora a 1830, to wane ne shi cikin William Jones ɗin da suka sauka Sidni? Mai yiwuwa ma bai tafi ko'ina ba. Da yawa an yanke musu kora amma a waɗancan jiragen kaso suka ƙare wa'adinsu, ko aka yi musu afuwa, ko suka mutu. Kuma inda aka yi wa mutum shari'a bai zama garinsu ba. Talaka mai neman abinci yana iya yin laifi kwana goma daga gida.

Abu ɗaya ne a wannan ɓangare nake ɗaukar sa da daraja ta musamman, shi ne takardun neman afuwa, HO 17 da HO 18. A nan ne uwa ko mata ko limamin coci ke rubuta koke, su ambaci 'ya'ya, su ambaci unguwa, maƙwabta su sa hannu. Idan tambayarka ita ce ko wane da wane 'yan'uwa ne, takarda ɗaya irin wannan ta fi rajista goma. Ba kowa aka rubuta wa ba, amma wanda aka rubuta wa, ka huta.

Ailan kuwa labarinta akwai ciwo. A ƙarshen watan Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, gidan adana takardun ƙasar da ke harabar Four Courts a Dablin ya ƙone, rajistar kora ta kafin 1836 ta tafi a ciki. Abin da ya tsira, wato rajistar 1836 zuwa 1857 da takardun koke da fayilolin fursunoni, an yi masa fihirisa a matsayin kyautar Ailan ga Ostireliya a 1988, ana duba ta kyauta a shafin gidan tarihin ƙasar. John Kelly mai aladu ya faɗo cikin shekarun da suka tsira. Wanda aka kora a 1820 kuwa, galibi abin da aka rubuta a kansa a bakin tekun Sidni ya fi abin da ya rage a ƙasarsu yawa.

Wannan ya kawo mu ƙofa ta uku, kuma ba zan ɓoye ba, ita nake ba da shawarar a jingina da ita wajen raba mutane. Dalili a fili yake. Kotun Ingila hukunci kawai take son yankewa ta wuce. Gwamnan mulkin mallaka kuwa zai zauna da mutumin shekara bakwai ko fiye, zai ba da shi aiki a gonar wani, zai neme shi idan ya gudu, dole ya san shi ciki da waje. Saboda haka kafin a sauke fursunoni akawuna sukan hau jirgi su tsayar da su ɗaya bayan ɗaya su yi musu tambayoyi, su auna su, su duba jikinsu. Littafin da ke fitowa daga wannan aiki shi Turawa ke kira indent.

A New South Wales na farkon shekaru ba su fi rajistar Landan da komai ba: suna, kotu, rana, hukunci. A hankali aka ƙara shekaru da garin haihuwa da sana'a da tsawo da launin fata da gashi da ido. Daga 1826 sai layin ya cika: ya iya karatu ko rubutu, wane addini yake bi, yana da aure, 'ya'ya nawa, mene ne laifinsa, an taɓa ɗaure shi a baya. A ƙarshen layi kuma ga alamomin jiki. Tsawo har da kwata na inci. Tabo a girar hagu. Haƙori ɗaya na sama ya fita. Yatsa ya karye ya warke a karkace. Sai jarfa: ƙarfen tsayar da jirgi a dantse, zuciya da kibiya, ɗigo biyar a bayan hannu, da haruffan farko na sunayen mutane. Waɗannan haruffa na sha tsayawa a kansu, domin sau da yawa sunan uwa ne ko mata ko 'ya'yan da aka bari a baya, mutum ya rubuta danginsa a fatarsa tun da ba a bar shi ya tafi da komai ba. John Kelly biyu na iya haɗa suna da gunduma da hukunci, amma da wuya su haɗa tsawo da tabo da jarfa.

Bayan wannan akwai takardar sassauci da ake ba mai ladabi ya yi aikin kansa a cikin yanki ɗaya ba tare da ya fita ba, abin da ya yi kama da ɗaurin talala, sai takardar shaidar gama wa'adi, sai afuwa mai sharaɗi wadda ke 'yanta mutum amma ta hana shi komawa gida. Kowace tana maimaita jirgi da shekara, yawanci da kamanni. Ƙidayar jama'a ta watan Nuwamban 1828 ma ta rubuta wa kowa jirginsa da shekarar zuwansa da inda yake zaune, ta kuma nuna wanda ya zo da 'yancinsa da wanda aka haifa a can. Fihirisar waɗannan kyauta ce a shafin gidan tarihin jihar, hotunan da yawa kuma suna Ancestry.

Tasmaniya ta wuce nan. Gwamna George Arthur, wanda ya mulki tsibirin daga 1824 zuwa 1836, ya so kowane fursuna ya zama yana da shafinsa, kuma littattafan ɗa'a da aka riƙa cikawa sun tsira: CON31 da CON33 na maza, CON40 da CON41 na mata. A saman shafi ga lamba da suna da jirgi da kotu. Ƙasa kaɗan ga abin da shugaban gidan kaso ya faɗa a kansa, ga na jirgin kaso, ga abin da shi da bakinsa ya ce ya aikata. Daga nan sai rayuwarsa ta sauko layi-layi cikin rubutu mai matsatsi: rana kaza, a gidan ubangida wane, ya bugu ko ya yi rashin kunya ko ya bar aiki ba izini, hukunci bulala kaza ko kwana kaza a ɗakin duhu, sai haruffan sunan majistare. Littattafan sauka na shekarun baya a tsibirin har sunayen dangin da aka bari a gida sukan kawo, uba da uwa da 'yan'uwa maza da mata da inda suke. Duk wannan ana buɗe hotonsa kyauta ta fihirisar sunaye ta ɗakunan karatu na Tasmaniya. Wahalarsa ita ce karanta rubutun hannu da gajerce-gajercen akawuna, sai ido ya saba. New South Wales ba ta da kwatankwacin waɗannan littattafai da suka rage, can sai an tsinto rayuwar mutum guntu-guntu.

Yammacin Ostireliya ba ta da wuya: kowane mutum da lambarsa shi kaɗai, kuma gidan kason Fremantle yana da fihirisa a intanet.

Bari mu gwada ƙofofin a kan suna ɗaya na gaske, Solomon. A 1817 an yanke wa wasu 'yan'uwa biyu matasa, Emanuel da Vaiben Solomon, shekara bakwai a Durham, can arewacin Ingila, jirgin Lady Castlereagh ya kawo su a 1818. A 1819 an yanke wa wasu 'yan'uwan biyu, Judah da Joseph Solomon na garin Sheerness, hukunci a Kent; jirgin Prince Regent ya kai su Sidni, jirgin Castle Forbes ya ƙarasa da su Hobart a 1820. A 1827 an yanke wa Ann Solomon shekara goma sha huɗu a Landan kan karɓar kayan sata, ta iso Hobart a jirgin Mermaid a 1828. Mijinta Isaac, wanda aka fi sani da Ikey, ya tsere daga hannun hukuma a Landan, ya bi ta Amurka, ya biyo ta Hobart da ƙafarsa, aka kama shi aka mayar Ingila, Old Bailey ta yanke masa hukunci a 1830, aka sake dawo da shi a 1831, wannan karon a ɗaure. Dukansu Yahudawa ne, dukansu sun taka Van Diemen's Land cikin shekara goma sha uku, amma gida uku ne daban. Kama da wane ba ta wane.

Rajistar Landan za ta jero su, ta nuna maka biyu-biyu da suka haɗa kotu da rana da jirgi, wanda alama ce mai ƙarfi ta 'yan'uwantaka. Amma za ta bar ka da zaton Emanuel mutumin Durham ne, alhali haifaffen Landan ne. Za ta bar Judah da Joseph a Sidni, alhali a Tasmaniya suka yi rayuwarsu, har Judah ya ba da filin da aka gina majami'ar Yahudawa ta Hobart. Old Bailey za ta ba ka Ikey da Ann da cikakken bayani, ba za ta san da sauran huɗun ba. Zuwan Ikey na farko kuwa ba ya cikin kowace rajistar fursunoni, sai jaridu da wasiƙun ofishin gwamna. Emanuel ya ƙare a matsayin attajiri ɗan majalisa a Adelaide, babban birnin Kudancin Ostireliya, yankin da ba a taɓa kai masa fursunoni kai tsaye ba.

Ga kishiyar wannan. A watan Maris na 1834 an yanke wa ma'aikatan gona shida na ƙauyen Tolpuddle shekara bakwai-bakwai a Dorchester saboda rantsuwar da suka yi wajen kafa ƙungiyar neman ƙarin lada. Biyu daga cikinsu wa da ƙane ne, George da James Loveless. George ya yi rashin lafiya, aka tafi da sauran biyar a jirgin Surry zuwa Sidni, shi kuma daga baya jirgin William Metcalfe ya kai shi Hobart. Wanda ya fara daga takardun Ostireliya zai ga Loveless ɗaya a nan, ɗaya a can, jirgi daban, yanki daban, ya ce babu abin da ya haɗa su. Takardar kotu ce ke mayar da su ɗaki ɗaya. Haka kuma Thomas Standfield, wanda aka kora tare da ɗansa John, 'yar'uwar su George yake aure, wato John ɗan 'yar'uwarsu ne. Bin suna kaɗai ba zai taɓa nuna maka wannan ba. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka ƙofar da na fi so ba ta da makanta.

Mata sun fi wuyar bi. Yarinyar da aka haifa da suna Molly Haydock a Lancashire, an kama ta a 1791 da dokin sata tana sanye da kayan maza tana amsa sunan James Burrow. Ta iso Sidni a jirgin Royal Admiral a 1792, ta auri Thomas Reibey a 1794, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa, yau hotonta ne a takardar dala 20 ta Ostireliya da sunan Mary Reibey. Suna uku, mace ɗaya. Gadar da ke haɗa sunan budurci da na aure ita ce rajistar neman izinin aure, domin fursunan da bai gama wa'adi ba sai da yardar gwamna yake aure, kuma akan rubuta jirgin kowannensu. Ga matan Tasmaniya akwai cibiyar binciken fursunoni mata ta Hobart, wadda masu sa kai suka yi shekaru suna haɗa rayuwar kowace mace. A tuna kuma akawu abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, daga bakin mutanen da da yawansu ba su iya rubuta sunansu ba, wasu ma harshen Ailan suke ji. Byrne kan koma Burn ko Burns, Reilly ta koma Riley, Solomon ta sami ƙarin harafi a ƙarshe. Duk sunan da kake bi, rubuta yadda zai iya karkacewa a baki ka nemi kowanne.

Saura maganar shafukan da ke haɗa maka komai wuri ɗaya, da maganar kuɗi. Digital Panopticon, aikin wasu jami'o'in Ingila da Ostireliya da aka buɗe a 2017, yana bin mutum 90,000 da Old Bailey ta yanke wa hukunci yana ɗinke takardunsu. Kyauta ne, yana rage wahala ƙwarai, amma kwamfuta ce ta yi yawancin ɗinkin bisa suna da shekara, don haka a sunan da ya yi yawa dole ka buɗe kowace takarda ka tabbatar. Jerin nasabar da jama'a ke lodawa a Ancestry kuwa ka ɗauke shi a matsayin jita-jita. Mutum ɗaya ya yi kuskure, ɗari su kwafa, yawansu ya sa ya yi kama da gaskiya. Ni dai ban ga dalilin biyan kuɗi a makon farko ba. Rajistar Queensland, fihirisar Tasmaniya da ta New South Wales da ta Ailan, Old Bailey, da Trove, rumbun tsofaffin jaridu na babban ɗakin karatu na Ostireliya inda ake samun Sydney Gazette tun daga 1803, duk kyauta ne. Sai ka san ainihin shafin da kake so ka gani sa'an nan ka biya na wata ɗaya.

Idan sunan da kake bi baƙo ne, irin Loveless ko Standfield, kuma kana son tattaro kowa, fara da rajistar Queensland ka yi ƙidaya, ƙara da ta Ailan, sa'an nan ka bi kowane mutum zuwa littafin saukarsa ka ɗauko garin haihuwa. Idan garuruwan suka taru wuri ɗaya, lokacin komawa rajistar coci ta wannan yanki ya yi. Idan kuwa sunan gama-gari ne kuma kaka ɗaya kake nema, kada ka kusanci Ingila tukuna. Fara daga mutuwarsa ko aurensa a Ostireliya ka riƙa ja da baya har ka sami takardar da ta ambaci jirgi, jirgin ya kai ka littafin sauka, shi kuma ya ba ka kotu da rana. Da waɗannan biyu a hannu, shari'ar da za ka buɗe tasa ce ba ta takwaransa ba. Idan tambayar ta 'yan'uwantaka ce, haɗa uku: ranar shari'a, sunayen dangi a littafin Tasmaniya, da takardar neman afuwa.

Yadda nake yi shi ne na ba kowace takarda layinta a jadawali, ba kowane mutum ba, kuma ba na haɗa layi biyu sai abu uku sun dace bayan suna, misali jirgi da shekaru da wata alama ta jiki. Shekaru kaɗai ba na yarda da su, domin bambancin biyu ko uku tsakanin takarda da takarda abu ne da aka saba gani. Takardar da ba ta ambaci jirgi ba tana zama a shafi daban har wata ta zo ta ɗaure ta.

Kuma idan mutum ya ɓace daga takardun Ostireliya, kada a yi saurin binne shi. Mutanen Tolpuddle an yi musu afuwa a 1836, George Loveless ya koma Ingila a 1837, sauran suka biyo baya. Daga bisani biyar daga cikinsu, har da Loveless biyu da Standfield biyu, suka yi ƙaura da iyalansu zuwa yankin Ontario na Kanada, can George ya rasu a 1874. Na shidansu, James Hammett, shi kaɗai ya koma ya zauna a Tolpuddle, kabarinsa yana harabar cocin ƙauyen.